Ƙawancen Sahel Ba Daular Songhai Ba Ce

Tun da Mali da Burkina Faso da Nijar, wato ƙasashen Ƙawancen Sahel, suka kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025, wasu masu sharhi a soshiyal midiya ke yaɗa wata taswira suna cewa ai Daular Songhai ce ta dawo. Maganar na da daɗin ji, sai dai tarihi bai goyi bayanta ba.

Gao ce cibiyar Songhai, a bakin Kogin Kwara. Sonni Ali ya ci Timbuktu a 1468, daga baya ya haɗa da Jenne. Askia Muhammad da ya hau mulki a 1493 ya kai ikonsa har ramukan gishirin Taghaza a arewa da Agadas a gabas. Amma ƙasar Mosi, wadda ita ce zuciyar Burkina Faso ta yau, ya kai mata yaƙi bai iya mallake ta ba. Gabashin Nijar kuwa, wajen Tafkin Chadi, Borno ce mai faɗa a ji. A wancan zamani ana gane girman sarki ne da masu aiko masa da haraji, da masu ba shi mayaƙa, da hanyoyin da ayari ke bi lafiya da sunansa. Layin kan takarda sai da Turawa suka zo, kamar wanda Ingila da Faransa suka ja daga Say zuwa Barruwa a 1890.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masu taswirar ke shafa launin Songhai a kan ƙasar Kabi, kamar ba a taɓa yin Kanta ba. Muhammadu Kanta ya bi Askia yaƙin Agadas, aka samu saɓani wajen rabon ganima, sai ya yi tawaye wajen 1516. Rundunar da aka turo ta murƙushe shi ta koma da kunya, kuma littafin Tarikh al-Sudan, wanda a Timbuktu aka rubuta shi, bai ɓoye wannan ba. Kanta ya gina birninsa Surame, ya kewaye shi da ganuwa ta duwatsu da ƙasa, zobe bayan zobe, Kabi ta zama katangar da ta tsaya tsakanin Songhai da ƙasar Hausa. Ko bayan da sojojin Maroko suka karya Songhai da bindigogi a Tondibi a 1591, Surame na tsaye da ƙafarta.

Yau kufan Surame na cikin Jihar Sakkwato, itatuwa sun tsiro a jikin ganuwar, damina kuma tana cin rabonta duk shekara. Kabarin Askia da ke Gao ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2004, Surame kuwa tun 2007 take cikin jerin masu jiran layi. Ɗalibai nawa ne a Sakkwato da Kebbi aka taɓa kai su su taka wurin?

Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da gwamnatocin jihohin nan biyu ba su da sauran uzuri. A gyara hanya, a sa masu gadi, a tura masana su yi haƙa, a kuma saka Kanta cikin manhajar makarantu. Mai son sanin inda ikon Songhai ya tsaya kuwa, ya ajiye taswirar waya ya je Surame ya gani da idonsa.