Ciwon Suga da Ido: Abin da Ake Faɗa a Gari da Abin da Ke Faruwa a Bayan Ido

Duk inda masu ciwon suga suka haɗu, a layin asibiti ko a majalisar bayan la'asar, ba a rasa mai ba da labarin wani da "aka sa shi kan allurar insulin ya makance", ko wata da "aka ƙona mata ido da leza". Irin waɗannan labarai suna hana mutane zuwa wurin likitan ido daidai lokacin da zai iya ceto ganinsu. Wasu daga cikinsu ƙarya ce tsagwaronta, wasu kuma akwai ƙwayar gaskiya a ciki da aka karkatar. Ba za a iya tantance su ba sai an san inda ɓarnar take.

A can bayan ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, kuma yana cike da ƙananan jijiyoyin jini waɗanda suka fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba. Idan suga ya yi shekaru yana sama, bangon jijiyoyin nan sai ya raunana. Ƙwayoyin da ke naɗe da su suna tallafe su su mutu, bangon ya fito da 'yan ƙananan ƙulu-ƙulu masu yoyon jini da ruwa da maiƙo, wasu jijiyoyin kuma su toshe ɗungum. Mai noman rani ya san haka: magudanar da ta fashe takan jiƙa inda ba a so, wadda ta toshe kuma takan bar fangali da ƙishi. Idan ruwan ya taru a tsakiyar tantanin, wurin da ake karatu da gane fuska da shi, sai rubutu ya dushe, miƙaƙƙen layi ya karkace. Yankin da ya rasa jini kuwa yakan fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Su ne mafi haɗari, domin ba su da ƙwari. Sukan fashe jini ya zuba cikin ido, sukan bar tabon da zai ja tantanin ya ɓamɓare shi daga mazauninsa, wani lokacin ma sukan tsiro a gaban ido su toshe mafitar ruwa, su haddasa hawan jinin ido mai azabar zafi.

Maganar da ta fi cutar da mutane ita ce wadda ba a ma ɗauke ta jita-jita ba: "Likita, ai ni ina gani garau, har Alƙur'ani ina karantawa ba gilashi." Gaskiya mai maganar yake faɗa, amma ganinsa bai zama shaidar lafiyar idonsa ba. Tantanin bayan ido ba ya jin zafi. Jijiyoyi na iya yin shekaru suna lalacewa a gefe, har sababbi su tsiro, tsakiyar tana nan lafiya, mutum yana sana'arsa, sai wata safiya ya farka ya ga wani baƙin abu kamar hayaƙi ya tare masa ido ɗaya. Binciken UKPDS da aka yi a Birtaniya ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu nau'in suga na biyu sun riga sun sami alamun wannan ɓarna tun ranar da aka gano suna da ciwon. A Najeriya kuwa, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu da suga ba su ma san suna da shi ba. Shi ya sa ƙa'idar take cewa mai nau'i na biyu a duba bayan idonsa da zarar an gano ciwon, mai nau'i na farko cikin shekara biyar, daga nan kuma duk shekara. Mai suga da ta ɗauki ciki a duba ta tun watannin farko, domin ciki na iya hanzarta lamarin.

Batun insulin fa? Insulin ba ya makantar da kowa. Abin da ke faruwa shi ne mutum yakan yi shekara da shekaru yana gudun allurar, sai ƙwayoyin magani sun gaza, jijiyoyin ido sun riga sun ci wuya, sannan ya yarda. Idan ganin ya ragu bayan nan, sai a ɗora wa allurar laifin da shekarun baya suka aikata. Binciken DCCT na Amurka da Kanada, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa masu nau'i na farko da suka tsananta kula da sugansu da insulin sun rage haɗarin kamuwa da wannan cutar ido da kashi 76 cikin ɗari. Amma akwai gaskiya guda a cikin zancen da bai kamata a ɓoye ba. Wanda sugansa ya daɗe a sama ƙwarai, kuma idonsa ya riga ya taɓu, idan aka sauko da sugan da gaggawa, cutar na iya ƙaruwa na ɗan lokaci a watannin farko. Likitoci sun san haka, shi ya sa ake son a duba ido kafin a tsananta magani. A ƙarshe dai wanda ya saukar da sugan shi ke cin riba.

Haka labarin leza yake. Gaskiya ne ƙuna ake yi: likita kan ɗiɗɗiga 'yan ƙananan ƙuna a gefen tantanin da ya rasa jini, domin ya daina kiran sababbin jijiyoyi. Gaskiya ne kuma ganin gefe da ganin dare na iya raguwa bayan aikin, kuma wajibi ne a gaya wa majinyaci haka tun kafin a fara. Sai dai tun shekarun 1970 aka tabbatar wannan aiki na rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. An yi shi ne don tsare abin da ya rage, ba ya dawo da wanda ya tafi. Wanda ya zo a makare yana sa ran zai koma gani kamar dā, shi ne zai fita yana cewa an ƙona masa ido. Allurar cikin ido ma, irin su Avastin da Lucentis da Eylea, jin labarinta ya fi ta ban tsoro. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a gama cikin 'yan mintoci, tana danne sinadarin VEGF, kumburin ya sauka, kuma sau da yawa gani ya inganta. Matsalarta ta gaske ita ce tsada da maimaitawa, domin sau ɗaya ba ya isa.

Sai masu cewa a ɗiga zuma, ko ruwan ganye, ko a sa wani kwalli na musamman. Cutar tana can ƙuryar ido, abin da aka ɗiga a waje ba ya gyara jijiyar da ta fashe, sai dai ya jawo ƙwayoyin cuta ko gyambo a baƙin ido. Zogale da shuwaka abinci ne masu kyau, a ci su, amma wanda ya ajiye maganinsa dominsu yana sayar da idonsa ne da araha. Mai suga kan yi yanar ido da wuri, wannan gaskiya ne, kuma aikin asibiti na cire ta. Masu ture yana da tsinke a kasuwannin ƙauye kuwa sun makantar da mutane da yawa, balle idon da bayansa ya riga ya raunana.

Canza gilashi ma ba magani ba ne. Idan suga na hawa da sauka, gani kan dushe yau ya washe gobe, saboda ƙwayar da ke daidaita haske tana kumbura tana saɓewa. Wannan kan wuce idan sugan ya daidaita, don haka a jira 'yan makonni kafin a yanka sabon gilashi. Kada kuma a manta da hawan jini: binciken UKPDS ɗin ya nuna a 1998 cewa saukar da shi na rage ci gaban cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Gwajin bayan ido da ake nufi ba karanta haruffa a allo ba ne. Ana ɗiga magani ya buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido, a jira kamar minti ashirin zuwa talatin, likita ya haska ya leƙa bayan, ko a ɗauki hotonsa. Gani zai dushe na 'yan sa'o'i, haske zai dame ka, saboda haka ka tafi da ɗan rakiya, kada ka tuƙa mota ko babur. Ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa. Wanda kuwa ya ga baƙaƙen zarurruka sun cika masa ido farat ɗaya, ko walƙiya tana gilmawa, ko wani labule ya rufe masa ɓangare guda, kada ya jira ranar da aka ba shi, ya tafi asibiti a ranar.