Takanamat: gurgu ma ɗan lakkol ne

A ƙauyukan Takanamat, cikin jahar Tawa, in lokacin rubuta yara lakkol ya zo, akwai ɗiyan da ba a fiddowa: gurgu, kurma, makaho. Uwaye sai su ce wannan na Allah ne, a ƙyale shi. In ya tasa, a miƙa mishi ƙwarya ya tafi bara cikin Tawa.

Ba ƙiyayya ba ce. Uwar da ke goya ɗa mai shekara 8 zuwa rijiya, wa zai koya mata son shi? Tsoro take yara su yi mishi dariya, ko malam ya maido shi gida. Ga nisa, ga rairayi.

Amma shan inna ba aikin iska ba ne, ƙwayar cuta ce. Ƙafa take shanyewa, ba ta taɓa hankali.

Doka ma tana bayan uwaye. Tun 1993 gwamnati ta kafa dokar kare naƙasassu, a 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, karatu yana ciki. Makafi da kurame suna da lakkol tasu a Yamai, sai dai daga Tawa tafiyar ta wuce kilomita 500. Gurgu kuwa, lakkol ta gari ta ishe shi. Jaki ya kai shi, a ba shi benci kusa da ƙofa.

Uba ya riƙe takardar haihuwa ya je wajen darakta. Wanda ba ya da ita ya nema a ma'aikatar magajin gari.