Hawan Jinin Raƙumin Dawa

Hausawa sun ce komai tsawon wuya kai ne bisa, amma ba su faɗi wahalar kai wa kan nan jini ba. Zuciyar raƙumin dawa sai ta tura jini wajen mita 2 sama kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ƙarfin jininsa ya ninka na mutum. Da ɗan Adam aka auna aka ga haka, ranar za a ba shi gado.

A wurinmu hawan jini kan cinye ƙoda a hankali, ƙoda ta gaza, ruwa ya taru, nauyin ya koma kan zuciya. Da yawa daga masu ciwon ƙoda zuciyar ce ke kashe su tun ba a kai ga wankin ƙoda ba. Shi kuwa gogan naka yana shekara 20 da nasa hawan jinin, ko a jikinsa.

An daɗe ana cewa sirrin shi ne ƙatuwar zuciya. Labarin yana da daɗin ji, amma ban yarda ba. Zuciyarsa takan kai kilo 11, to amma ai babban namiji ya haura kilo 1,000. In aka kwatanta da jikinsa, ba ta fi ta saniya wani abin kirki ba. Kaurin bangonta na hagu ne abin mamaki. Irin kaurin nan a mutum yakan zo da tauri, zuciya ta kasa sakin jiki ta cika da jini. Ta raƙumin dawa kuwa ta yi kauri, ba ta sandare ba. Ƙodarsa kuma a naɗe take cikin fata mai ƙarfi, tana tace jini sannu a hankali.

A Kure ta Nijar, inda raƙuman dawa 49 suka rage a 1996 kuma yanzu sun haura 600, na ga wani daga cikinsu ya tale ƙafafu yana shan ruwa. Ya ɗago kai farat ɗaya, ina jira jiri ya kwashe shi. Sai kawai ya nufi gonar wake, mai gona yana ta sababi.

A 2021 masana sun sa wa ɓeraye irin ƙwayar halittar raƙumin dawa mai suna FGFRL1, suka ba su maganin da ke tayar da jini. Jinin nasu bai hau kamar na sauran ɓerayen ba, ɓarnar zuciya da ta ƙoda ma ta zo da sauƙi.