Gargaɗi: An Sallamo Shi, Amma Kai Bai Warke Ba

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, ku saurara! Akwai wanda ya bugu a ka a gidanku? Kabu-kabu ne ya kayar da shi? Haɗarin mota ne a hanyar Sakkwato? Ko 'yan bindiga ne suka doke shi? An ɗinke, an sallamo shi, kun ce shi ke nan? Wallahi da sauran aiki.

Ku lura da shi. Gabansa na yawan faɗuwa? Barci ya gagara? Ƙarar babur na firgita shi? Ga mantuwa, ga saurin fushi? Ƙwaƙwalwa ce ta jijjigu, tsoro ya biyo baya. Kada ku ce iska ce. Kada ku kira shi rago. Yawanci abin kan lafa cikin mako 2 zuwa 4, idan an kula.

Kwana 2 na farko kada a bar shi shi kaɗai. Ku rage 'yan dubiya, ku daina sa shi maimaita labarin. Ku rage hayaniya da kallon waya. Idan fargaba ta taso, ya zauna, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali. Ku zauna kusa da shi, ku yi masa magana mai taushi. Ya riƙa ɗan tattaki da safe. Kada ya hau babur, kada ya koma fadama cikin rana tukuna. Ciwon kai, farasitamol ya isa. Ban da asfirin, yana iya ƙara zubar jini. Ban da taramol, ban da ƙwayar barci daga kemis, suna ɓoye alamun haɗari.

Ga alamun da ba a jinyarsu a gida. Amai a kai a kai. Ciwon kai mai ƙaruwa. Barcin da tashinsa ke wuya. Farfaɗiya. Ruwa ko jini daga kunne ko hanci. Rashin ƙarfin hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya. Harshe ya karye, ko ya daina gane mutane. Wataƙila jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai, yana danne ƙwaƙwalwa. A tsofaffi yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana.

Kun ga ɗaya daga ciki? Me kuke jira? Ku tafi asibiti mafi kusa yanzu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Idan fargaba ta haura wata guda, ko ya fara cewa gara ya mutu, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kun san halin hanyoyinmu da dare. Ku tanadi kuɗin mota da lambar direba tun yau. Ku yanke shawara da rana tsaka. Kada ku ce sai an kai albasa kasuwa. Kada ku ce sai gobe. Ku tashi yanzu!