Ilmin Hulɗar Mutum da Kwamfuta: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da Dagatai da malaman ofisoshinsu na ƙasar Funtuwa, da Malumfashi, da Bakori, da Ɗanja, da Ƙafur. Nufinta shi ne a bayyana wani fannin ilmi da ake koyarwa a jami'o'i, da amfaninsa ga manoma, da hanyar da yaranmu za su shiga cikinsa.

1. Mene ne wannan ilmi?

Kowa ya sani, in maƙeri ya ƙera ruwan fartanya, aiki bai ƙare ba sai an sa mata ƙota daidai da hannun mai noma. In ƙotar ta yi gajarta, baya ya yi ciwo, aiki ya ragu. To, haka kwamfuta take, da wayar hannu, da injin cirar kuɗi na banki. Ilmin hulɗar mutum da kwamfuta shi ne sassaƙa wa na'ura ƙota, watau a shirya rubutunta da muryarta da maɓallanta yadda mutum zai gane su ba tare da wahala ba.

Wannan fanni ya tsaya da ƙafarsa a Amurka wajen 1983, shekarar da Card da Moran da Newell suka buga littafinsu a kansa. Ga yadda ake aikinsa. Da fari mai bincike ya zauna da mutane ya ga yadda suke sana'arsu. Sa'an nan ya zana samfuri, ko da a takarda ne, ya ba mutum biyar ko goma su gwada. Ya ƙidaya kurakuran da suka yi da mintocin da suka ɓata, ya gyara, ya sake gwadawa. Ƙa'idarsu ita ce, in mutane da yawa suka yi kuskure a wuri ɗaya, to, gyara yana wajen na'urar.

2. Ina ruwan manomi da shi?

Cikin 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba takin zamani ta hanyar saƙon waya, buhu biyu a rabin kuɗi ga manomin da aka rubuta sunansa. Wanda ba shi da waya, da wanda ba ya karanta boko, da wanda garinsu ba sabis, da yawansu sun sha wuya kafin su karɓi rabonsu. A zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta kasa karanta yatsun mutane da dama, yatsan mai aikin gona kuwa kanta gare shi. A farkon 2023, sa'ad da takardun Naira suka yi ƙaranci, sai cinikin masara da dawa da auduga ya koma ta waya, mutumin da bai taɓa danna lambobin banki ba ya zama dole ya miƙa wayarsa ga wani.

Har wa yau akwai maganar harshe. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba kowace na'ura ke fito da su a sauƙaƙe ba, kuma dattawa da yawa ajami suka iya. Yaron da ya tashi cikin wannan jama'a ya riga baƙo sanin inda gizo ke saƙar.

3. Abin da ɗalibi guda ya yi a Indiya

Cikin 2009 wani ɗalibin Jami'ar Stanford mai suna Neil Patel, tare da abokan aikinsa, ya gwada wata hanya a jihar Gujarat ta Indiya. Manomi ya buga waya ya faɗi tambayarsa da bakinsa cikin harshensu, daga baya ya saurari amsa. Binciken ya nuna manoman sun fi dacewa in sun zaɓi abin da suke so ta danna lamba, bisa ga faɗa wa na'urar da baki. Ba a gane haka ba sai da aka gwada da manoman kansu.

4. Ina ake koyonsa?

Ana koyar da shi cikin karatun kimiyyar kwamfuta. Kusa da mu akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe cikin 1962, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa cikin 2011, da Jami'ar Bayero ta Kano. Ta Zariya tana da wata fa'ida, gama a Samaru ne Cibiyar Binciken Aikin Gona take, da cibiyar NAERLS mai kula da aikin malaman gona. Ƙasar Funtuwa ta saba da irin waɗannan masana tun babban shirin raya noma na Bankin Duniya da aka soma nan wajen 1975.

Mai neman shiga sai ya ci darussa biyar da kyau a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma ya ci jarrabawar JAMB. Tun 2015 da kwamfuta ake yin wannan jarrabawa, saboda haka lalle yaro ya saba da ita tun da wuri. Digiri na fari shekara huɗu ne.

5. Ƙofofin da ke buɗe ga ɗalibi

Ta fari, koyar da na baya. Ɗaliban da suka yi nisa sukan tara ƙannensu su yi musu bitar darasi, wanda ya gama da sakamako mai kyau kuwa ana iya ɗaukarsa mataimakin malami, yana koyarwa yana neman digiri na biyu. Ta biyu, watannin sanin makamar aiki, waɗanda asusun ITF ke kula da su. Ta uku, aikin bincike na shekarar ƙarshe, inda ɗalibi zai iya zaɓar matsalar garinsu, kamar sanar da farashin hatsi da murya cikin Hausa. Asusun TETFund kuma yana ba malaman jami'o'in Gwamnati kuɗin bincike da na ƙaro ilmi.

6. Abin da ake roƙon Hakimai

(a) Su sanar da iyaye wannan hanya, 'yan mata ma kada a bar su baya, gama matan aure sun fi sakin jiki da mace mai bincike.

(b) Ɗalibin da ya zo bincike ya nuna takardar jami'arsa, malamin Hakimi ya rubuta sunansa da na malaminsa cikin littafi, a haɗa shi da Mai unguwa.

(c) Kada a tilasta wa kowa amsa tambaya, kada a ɗauki murya ko hoton mutum sai da yardarsa.

(d) A yi shela cewa mai bincike na gaskiya ba ya neman lambar sirri ta banki. Wanda ya nema, a kai rahotonsa nan da nan.

(e) A nemi ɗalibi ya komo bayan ya gama, ya faɗa wa jama'a abin da ya gano cikin Hausa.

Ana fata malamai za su karanta wannan takarda a majalisar Hakimi, su kuma aika da bayaninta ga shugabannin makarantun sakandare na gundumarsu. Allah ya ba mu damina mai albarka.