'Yan Tawayen Zariya

An kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958 a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗalibai ne suka kafa ta, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da ya dame su shi ne malamansu Turawa na koyar da zane bisa tsarin makarantun Ingila, ba ruwansu da adon gargajiya.

Duk da laƙabin 'yan tawaye, ba su yi watsi da dabarun Turai ba. Manufarsu ita ce a gauraya su da abin gida. Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya kuwa ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

An baje ayyukansu a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai a 1960, daga baya kuma a zauren Mbari na Ibadan. Ƙungiyar ta watse a 1961, shekarar da yawancinsu suka kammala karatu.