Gardama Ta Bar Fili Ta Shiga Ofis: Omar Berrada da Magoya Bayan Manchester United

A ranar 20 ga Janairun 2024 Manchester United ta sanar da cewa ta ɗauko Omar Berrada daga gidan maƙwabciyarta Manchester City domin ya zama babban shugaban gudanarwarta. Berrada ba ɗan wasa ba ne, ba koci ba ne, ba za a gan shi a bakin layi yana ɗaga hannu ba. Ɗan asalin Maroko ne da ya fara aikin ƙwallo a sashen tallace-tallace na Barcelona, ya koma City a 2011, ya yi ta hawa har ya kai ga kula da harkokin ƙwallo na rukunin kulob-kulob ɗin da City ke jagoranta. Duk da haka labarin naɗinsa ya tayar da ƙura kamar an sayo ɗan wasan gaba.

Magoya baya suka rabu. Wasu na ganin an yi wa City ƙwacen da ba ta zata ba, tunda mutumin yana cikin waɗanda suka ƙulla cinikin Erling Haaland a 2022, kuma ya san yadda ake gina ƙungiyar da ke lashe Firimiya kaka bayan kaka. Wasu kuwa suka ce a yi hattara: shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2023, hukumar gasar Firimiya ta tuhumi City da karya dokokin kuɗi fiye da sau ɗari, to me ya sa za a ɗauko babban jami'i daga gidan da ake tuhuma? Har tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter aka tono, inda ya taɓa yi wa United shaguɓe. Wannan na ƙarshe bai wuce abin raha ba. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda aka yi kujerar ofis ta zama abin da masu kallon ƙwallo ke ɓata dare a kansa.

Shekaru ashirin da suka wuce ba haka abin yake ba. David Gill ya riƙe wannan kujera daga 2003 zuwa 2013, kuma yawancin masu goyon bayan United a wajen Ingila ba su iya gane fuskarsa ba. Ba su da buƙatar su gane ta. Sir Alex Ferguson ne ke zaɓen ɗan wasa, shi ke sallamar wanda ya fara girman kai, shi ke sa ido a makarantar horar da yara. In an ci, nasa ne. In an faɗi, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Haka Arsène Wenger ya kasance a Arsenal. Da Ferguson da Gill suka tafi a lokaci guda a 2013, ikon da ke hannun mutum ɗaya bai koma hannun sabon koci David Moyes ba, ya koma ofishin Ed Woodward, magajin Gill.

A kan Woodward ne magoya bayan United suka koyi kallon ofis. Ma'aikacin banki ne a JP Morgan, kuma yana cikin waɗanda suka taimaka wa iyalan Glazer na Amurka wajen sayen kulob ɗin a 2005 a kan kimanin fam miliyan 790, galibi da kuɗin rance da aka ɗora wa kulob ɗin kansa. A fannin kasuwanci ba a raina shi ba: a zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar riguna da Adidas ta fam miliyan 750 na shekara goma. A fili kuwa sai kame-kame. Moyes, Louis van Gaal, José Mourinho, Ole Gunnar Solskjær, kowanne da salonsa, kowanne aka saya masa 'yan wasan da na bayansa ba ya so. An kashe sama da fam biliyan ɗaya a cefane, abin da aka samu shi ne kofin FA a 2016, da kofin League da na Europa a 2017. A 2018 Woodward ya faɗa wa masu hannun jari cewa sakamakon wasa ba ya wani tasiri sosai a kan abin da kulob ke iya samu ta hanyar kasuwanci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a lissafin ɗan kasuwa, amma a kunnen mai goyon baya ta zama shaida cewa wanda ke riƙe da ragama ba abin da ke damunsu ne ke damunsa ba. Idan an canza koci huɗu cutar ba ta warke ba, dole ido ya koma kan mai ɗaukar kocin.

Dalili na biyu da ya sa ake kallon ofis shi ne dokokin kuɗi. Firimiya ta kafa ƙa'idar da ta hana kulob yin asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin rubutu a takarda, sai a Nuwamban 2023 aka zabtare wa Everton maki 10, daga baya aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, a Maris na 2024 kuma aka cire wa Nottingham Forest maki 4. Daga nan kuskuren akawu ya fara bayyana a teburin gasa ƙiri-ƙiri. Mai goyon bayan da a da ba ya tambayar komai sai wa ya ci ƙwallo, yanzu yana tambayar shekara nawa aka raba kuɗin sayen ɗan wasa a littafin lissafi, da kuma dalilin da ya sa ake gaggawar sayar da yaran da kulob ya raina da kansa kafin ƙarshen watan Yuni.

Akwai kuma nisan masu kulob. 'Yan gidan Glazer suna Amurka, ba kasafai suke zuwa Old Trafford ba, ba kasafai suke magana ba. An sa hannun jarin United a kasuwar New York tun 2012, amma irin hannun jarin da iyalan suka riƙe yana da ƙarfin ƙuri'a ninki goma na wanda kowa zai iya saya. Wanda ba ya iya kai kukansa ga mai gida, sai ya kai wa wanda aka bar wa makullai. A Yunin 2022 wasu magoya baya suka shirya zanga-zanga a ƙofar gidan Richard Arnold, magajin Woodward. Sai ya tare su a wata mashaya da ke kusa, ya zauna da su, aka ɗauki hirar a ɓoye aka watsa. A ciki ya amsa cewa an ƙona kuɗi masu yawa a banza. Ba a taɓa jin wani ɗan Glazer ya zauna irin wannan zama ba.

Sauran aikin kafafen sadarwa suka ƙarasa shi. 'Yan jaridar cinikin 'yan wasa da tashoshin magoya baya na YouTube suna buƙatar abin faɗa kullum, har a ranakun da ba a wasa, kuma labarin ofis ba ya ƙarewa. Shi ya sa a gidajen kallon ƙwallo na Kano ko Kaduna za ka ji matashin da bai taɓa taka Ingila ba yana jero sunayen daraktoci yana raba musu laifi.

To me wannan gardama ta haifar? Abin da ya faru bayan zuwan Berrada ya nuna amfaninta, ya kuma nuna iyakarta.

Naɗin nasa ya zo ne makonni kaɗan bayan an sanar, a ranar 24 ga Disamban 2023, cewa Sir Jim Ratcliffe mai kamfanin INEOS zai sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kulob ɗin tare da karɓar ragamar harkokin ƙwallo. Berrada bai kama aiki ba sai a Yulin 2024, saboda sai da ya yi zaman jiran da ake tilasta wa manyan jami'ai kafin su koma wurin abokan hamayya. A wannan watan aka tsawaita kwantiragin koci Erik ten Hag, wanda ya ci City a wasan ƙarshe na kofin FA a watan Mayu. Ranar 28 ga Oktoba aka kore shi, sallamarsa da ta mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4. Dan Ashworth, daraktan wasannin da aka sha wahala kafin a raba shi da Newcastle, wata biyar kacal ya yi aka rabu da shi a Disamba, shi ma da asarar kimanin fam miliyan 4. Aka biya Sporting ta Portugal diyya aka ɗauko Ruben Amorim ya maye gurbin Ten Hag a tsakiyar kaka, kuma rahotanni sun nuna Berrada ne ya fi tsayawa kai da fata a kan zaɓinsa. United ta gama kakar 2024/25 a mataki na 15 da maki 42, mafi muni tun faɗuwarta daga babbar gasa a 1974, ta kuma sha kashi a hannun Tottenham da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao.

A ɗaya gefen kuma ana ta yankan kashe kuɗi. An sallami ma'aikata kusan 250 a 2024, aka sanar da shirin rage wasu har 200 a Fabrairun 2025. An daina biyan Ferguson kuɗin jakadancin kulob. A tsakiyar kaka aka mayar da sauran tikitocin da ba a sayar ba fam 66, babu rangwame ga yaro ko dattijo, abin da ya fito da mutane zanga-zanga a ƙofar filin. A Maris na 2025, ana cikin wannan tsuke bakin aljihu, aka nuna zanen sabon filin wasa mai cin mutum 100,000 da aka ƙiyasta zai laƙume fam biliyan 2. Asarar kulob ta sauko daga fam miliyan 113 a 2023/24 zuwa kimanin miliyan 33 a shekarar da ta biyo baya.

A nan ne gardamar ke rikicewa. Mai kallon teburi zai ce Berrada ya gaza. Mai kallon littafin kuɗi zai ce ya fara rufe ramin da ya tarar. Kuma ba wanda ke waje da zai iya rantsuwa a kan wane mataki ne nasa, wanne na Ratcliffe, wanne na Sir Dave Brailsford da INEOS ta girke a kulob ɗin a lokacin. Shawarar ci gaba da Ten Hag, alal misali, an yanke ta ne kafin Berrada ya zauna a kujerarsa, amma a bakin jama'a tana cikin kundin laifukansa. Ɗan wasa ana ganin aikinsa cikin minti casa'in, koci cikin wata uku. Aikin shugaban gudanarwa, irin su tsarin farautar 'yan wasa, tsarin albashi da gyaran filin atisaye na Carrington, sai an shekara uku ko biyar kafin a san ko ya yi kyau. Shi kansa ya sanya 2028, shekarar da kulob zai cika 150 da kafuwa, a matsayin lokacin da yake fatan lashe Firimiya. Magoya baya kuwa kowane ƙarshen mako suke yanke masa hukunci.

Wani sakamakon shi ne jami'an ofis sun zama hajar kasuwa. Ba sabon abu ba ne gaba ɗaya, domin Chelsea ta ɗauke Peter Kenyon daga United tun 2003, amma yanzu ya zama ruwan dare. Masu Liverpool sun dawo da Michael Edwards a Maris na 2024 don ya jagoranci harkokin ƙwallonsu, magoya baya suka yi murna kamar an dawo da tsohon kyaftin. A Afrilun 2025 Tottenham ta naɗa Vinai Venkatesham, wanda ya shafe shekara 14 a Arsenal, aka maimaita gardamar Berrada kusan kalma da kalma: gwaninta ko gaba? Watanni kaɗan bayan haka Daniel Levy ya sauka bayan kusan shekara 25.

Matsin lambar na yin aiki wani lokaci. A Afrilun 2021, cikin kwana biyu, boren magoya baya ya rusa shirin gasar Super League, Woodward ya sanar da zai sauka. Amma tana da mummunar fuska. A Janairun 2020 wasu sun kai hari gidan Woodward da wutar tartsatsi, a Janairun 2023 kuma aka shawarci shugabannin Everton da kada su halarci wasa a Goodison Park saboda barazana ga lafiyarsu. Kuma a ganina babbar illar ba ta nan take ba. Duk fushin da aka sauke a kan ma'aikacin da aka ɗauka, fushi ne da bai isa ga wanda ya ɗauke shi ba. Woodward ya tafi, Arnold ya tafi a Nuwamban 2023, Berrada ya zo, iyalan Glazer na nan da rinjayen ƙuri'a, bashin da aka ɗora wa kulob a 2005 kuma ba a gama da shi ba. Sauya shugaban gudanarwa hanya ce mai arha ta sayen haƙurin jama'a na shekara ɗaya ko biyu.

Inda magoya baya ke da ƙuri'a, gardamar takan ɗauki wani salo. A Barcelona da Real Madrid mambobi ne ke zaɓen shugaban kulob. A Jamus dokar da ake kira 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin kulob-kulob, ko da yake hakan bai hana Bayern Munich sallamar Oliver Kahn a Mayun 2023 ba, a ranar da ta lashe Bundesliga. A gida kuwa akasin haka ne: Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, kuma da aka naɗa Ahmed Musa babban manajanta a 2025, daga gwamnati sanarwar ta fito, magoya bayan Sai Masu Gida suka ji a rediyo kamar kowa.

Ingila ta ɗan matsa. Bayan rikicin Super League, binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta a 2021 ya kai ga dokar da aka amince da ita a Yulin 2025, wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta don sa ido kan kulob-kulob. Hukumar na da ikon tantance masu kulob da manyan jami'ansu, kuma dokar ta wajabta tuntuɓar magoya baya kan abubuwa irin su farashin tikiti, tambarin kulob da launin riga. Zaɓen wanda zai zauna a kujerar Berrada bayansa ba ya cikin wannan jeri, yana nan a hannun Ratcliffe da 'yan gidan Glazer.